Yadda Za Ka Bi Diddigin Izinin Majalisa Kan Harkar Soja

Mu mutanen Jos ba a ba mu labarin soja. Ga barikin Rukuba, ga shingayen bincike a hanyoyin shiga gari, ga rundunar haɗin gwiwa da aka girke tun rikicin 2010. Amma kaɗan ne cikinmu ke tambayar wa ya ba da izinin a riƙe su, a biya su, a tura su aiki. Na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a sakandare, kuma ga hanyar da nake nuna wa ɗalibaina su bi.

Fara da neman Kundin Tsarin Mulki na 1999, ko a wayarka ne, ka buɗe sashe na 217 da na 218. Shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, amma Majalisar Tarayya ce ke yin dokar da ake riƙe rundunar da ita, har da batun naɗi da ƙarin girma da ladabtarwa. Fito da soja cikin gari don taimaka wa hukumomin farar hula ma bisa sharuɗɗan da dokar majalisa ta gindaya ne.

Idan ka ji an ce za a tura dakaru ƙetare, koma sashe na 5. Shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince. Tura soja fagen daga a wajen Najeriya kuwa sai da yardar Majalisar Dattawa tun kafin su tashi. Akwai sassauci in tsaron ƙasa na cikin barazanar gaggawa: shugaba na iya tura su, amma dole ya nemi amincewar dattawan cikin kwana 7 da fara artabu, su kuma su amsa cikin kwana 14. Don haka riƙe ranar da aka fara, ka yi lissafi da kanka. Wannan sashe ba ado ba ne. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa kan matakan ECOWAS, sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi batun yaƙi, majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Duk mai dangi a Maraɗi ko Damagaram ya san darajar wannan zama.

Dokar ta-ɓaci kuma tana sashe na 305, tana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, kuma tana faɗuwa bayan wata 6 in ba a sabunta ba. Mun gan ta a Filato a 2004, lokacin da Obasanjo ya dakatar da Gwamna Dariye ya kawo Janar Chris Alli ya riƙe jihar a matsayin kantoma.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. A Ingila, tun 1689 doka ta haramta riƙe soja a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba. Har gobe dokar ladabtar da sojansu tana da wa'adi: duk shekara 5 sai an yi sabuwa, a tsakani kuma kowace shekara sai majalisa ta amince a ci gaba da aiki da ita. A Amurka ba a ware wa sojan ƙasa kuɗin da ya wuce na shekara 2 a lokaci guda. Tamu Dokar Rundunar Soja ta samo asali ne daga doka mai lamba 105 ta 1993, zamanin mulkin soja, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Wannan yana damuna matuƙa. Dokar da ake kafa kotun soja da ita, ake yanke wa ɗan wani hukunci mai tsanani, ya kamata a ce wakilanmu na dawowa kanta a kai a kai, dole ba don ganin dama ba.

Tunda babu wannan wa'adi, kasafin kuɗi ne ya zama izinin shekara-shekara. Saboda haka idan shugaba ya gabatar da kasafi, nemo kason Ma'aikatar Tsaro, ka sa ido a ranar da hafsoshi za su je kare shi gaban kwamitocin tsaro da na sojan ƙasa, ruwa da sama. Duba ko sanatanka na Filato ta Arewa ko ɗan majalisar wakilanka na cikin kwamitin. In yana ciki, aika masa tambaya ɗaya tak, a rubuce, kamar ko alawus ɗin ƙananan sojoji na isa hannunsu a kan kari, ko yaushe ake biyan matan waɗanda suka rasu a bakin aiki haƙƙinsu.

In kuma ɗan'uwanka ne kotun soja ta yanke wa hukunci, kada iyali su ɗauka magana ta ƙare a bariki. Sashe na 240 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara hurumin sauraron ƙara daga kotun soja, sai dai a nemi lauya da wuri domin akwai ƙa'idar lokaci. Wanda aka ci zarafinsa a shinge kuwa ya rubuta koke, ya sa rana da wuri da sunayen shaidu, ya miƙa ta hannun wakilinsa zuwa kwamitin karɓar koke-koken jama'a, ya kuma ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.