Darasi: Ciwon Wuyan Hannu a Wajen Masu Aikin Kicin

Wanda girki ne sana'arsa, hannunsa ba ya hutawa. Daga yanka sai ɗaga tukunya, daga juya abinci sai wanke-wanke. Da yawa cikin masu wannan aiki suna ɗaukar ciwon hannu tamkar wani ɓangare na sana'a, sai su yi ta daurewa. Daurewar nan ce ke mayar da ƙaramin ciwo ya zama na shekaru.

A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Ta gefen tafi akwai wata ƙunƙuntar hanya, inda jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji. Idan aiki ya yi yawa wurin ya kumbura, sai a matse wannan jijiya. Daga nan babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na kusa da shi su riƙa mutuwa, ko a ji kamar ana tsira allura. Ƙaramin yatsa yawanci ba ya shiga ciki. Abin ya fi tsanani da dare, har mutum ya farka yana yarfe hannu. Masu ciwon suga da mata masu juna biyu sun fi saurin kamuwa.

Ku fara gyara daga wuƙa. Dakusasshiyar wuƙa tana sa a danna da ƙarfi, kuma wuyan hannu ne ke ɗaukar nauyin. Ku wasa ta a kai a kai. Ku dubi hannunku yayin yanka: ya kamata ya miƙe sak daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Idan kun ga ya lanƙwashe, mai yiwuwa teburin ya yi muku tsawo ko gajarta. Ku riƙe ƙotar da tafin hannu gaba ɗaya, ba tare da damƙa mai tsanani ba. In ƙotar siririya ce, a naɗa mata wani abu ta ƙara kauri. Tukunya mai nauyi kuwa, da hannu biyu ake ɗaga ta, kusa da jiki, ko a kira abokin aiki. Babu abin kunya a nan.

Kada ku shafe awanni kan aiki iri ɗaya. Ku riƙa canzawa, ku ajiye wuƙa na ɗan lokaci, ku buɗe yatsu ku rufe a hankali. Shugaban kicin ma yana da hakki a wuyansa wajen rarraba aikin yanka tsakanin ma'aikata.

Bayan tashi daga aiki, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora wurin na minti 10 zuwa 15. Akwai maɗauri mai tauri da ake sawa lokacin barci don kada hannu ya lanƙwashe, kuma yana taimaka wa mutane da dama. Amma shan magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac kullum ba tare da shawarar likita ba yana iya illata ciki da ƙoda, ga shi yana ɓoye ciwon alhali ɓarnar na ci gaba.

Ku je asibiti idan ciwon ya ɗauki makonni, ko abubuwa sun fara suɓucewa daga hannunku, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa. Likita na iya ba da motsa jiki na musamman, ko allura, ko ƙaramar tiyata.

Aikin gida: Waɗanne yatsu ne ke mutuwa idan an matse jijiyar wuyan hannu? Gobe a wurin aiki, ku lura da aikin da ya fi lanƙwasa muku hannu, ku rubuta sunansa ku kawo aji.