Yadda ake gane wanne ya riga wanne a cikin abin da ƙanƙara ta bari a kwarin kogi

Zamanin ƙanƙara na Filistosin ya fara shekara miliyan 2.58 da suka wuce, ya ƙare shekara 11,700 baya. A tsakanin nan ƙanƙara ta sauko ta janye sau da dama, kowane zuwa da nata kayan da ta zubar. Aikinka shi ne ka jera su.

Fara da neman inda ƙasa ta buɗe: gaɓar da kogi ya zaizaye, ko ramin haƙar tsakuwa. Kankare fuskar wurin da shebur, ka zana abin da ka gani daga ƙasa zuwa sama, da kaurin kowane shimfiɗi.

Sai ka tantance wa ya ajiye me. Idan yumɓu da yashi da manyan duwatsu masu kaifi sun cakuɗe babu tsari, wasu duwatsun har da ƙarzuwa a jikinsu, ƙanƙarar ce da kanta ta zubar. Tsakuwa mulmulalliya da ta kwanta layi-layi aikin ruwan narkewa ne. Siraran layukan laka, fari da duhu bi da bi, tabki ne ya ajiye su, kowane biyu shekara guda. Idan kuma ka tarar da tsohuwar ƙasa mai ja-ja da sawun saiwoyi a tsakanin shimfiɗu biyu, ka yi murna: shaida ce cewa ɗumi ya dawo ya daɗe kafin wani sanyin.

Ga inda masu koyo ke ruɗewa. A gaɓa ɗaya, na ƙasa ne ya fi tsufa. Amma a matakalan gefen kwari abin a juye yake. Kogi yakan cika kwarinsa da tsakuwa, daga baya ya yanka ciki ya sauka, ya bar tsohon gadonsa a sama. Saboda haka matakala mafi tsayi ita ce babba a shekaru. Auna tsayin kowacce daga ruwan kogin, ka bi ta ka nufi mafarin kogin har inda ta haɗu da tudun tarkacen da ƙanƙara ta tara a bakinta. Da irin wannan bin diddigi ne masana ilimin ƙasa Albrecht Penck da Eduard Brückner suka fitar da zamunan sanyi huɗu a 1909, suka ba su sunayen ƙananan kogunan kudancin Jamus: Günz, Mindel, Riss da Würm.

Kada ka tilasta wa kwarinka ya ba da huɗu. Lakar ƙarƙashin teku ta nuna sanyin ya zo fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma sabuwar ƙanƙara takan share aikin tsohuwa. Kogin ma yana iya sauya hanya: kusan shekara 450,000 baya ƙanƙara ta tura kogin Tems na Ingila kudu, ya bar tsakuwarsa inda ba ya bi yanzu.

Daga nan sai ɗakin gwaji. Itace ko gawayi ana auna shekarunsu da kabon 14, wani sinadari da ke raguwa a hankali bayan abu mai rai ya mutu, amma iyakarsa wajen shekara 50,000. Abin da ya fi haka tsufa, ɗebi yashi cikin bututu ba tare da haske ya taɓa shi ba, a auna yaushe rabonsa da rana.