Kafin ka ɗora etaj kan tsohon gida, ka gwada beton

Nan Damagaram mutum zai gaji gida a Zengu ko ya sayi ɗaya a Karkada, bayan ƴan shekaru ya ce bari ya ɗora etaj, magini ya zo ya bubbuga poto da guduma ya ce wallahi Alhaji wannan zai ɗauki uku ma. Ina roƙonku kada ku yarda da kunne kaɗai. Mun san ƙarancin ruwan garin nan, gine-gine da yawa ba su samu ban ruwa yadda ya kamata ba bayan zubi, ga zafin rana, kuma beton da ya bushe da ƙishi ba ya kai ƙarfin da ake lissafa mai na kwana 28.

Abu na farko ka samu injiniya mai gudumar Schmidt, wadda suke ce ma sikilerometir, wani injiniya ɗan Suwis Ernst Schmidt ya ƙirƙiro ta a 1948. Ana danna ta jikin beto, ƙarfen cikinta ya doka ya dawo, lambar da ta nuna ita ake rubutawa. Amma fa sai an kankare yaɓen siminti da fenti an kai ga beton kansa, a goge wurin da dutsen gugarta ya yi sumul, ya zam a bushe, kaurinsa kada ya kasa santimita 10. A wuri ɗaya ana bugu aƙalla 9, tsakanin bugu da bugu santimita 2,5, a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. In ta faɗa kan tsakuwa babba lamba sai ta yi sama, kan rami ta yi ƙasa, shi ya sa bugu ɗaya ba ya nufin komai. A rubuta kuma ko gefe aka buga ko sama, ƙarƙashin dal lissafinsa daban ne.

To ga inda mutane ke ruɗuwa, guduma fatar beto kawai take ji. Tsohon beto iska na taurara fatarsa sai ta nuna ya fi ƙarfinsa na gaskiya. Amfaninta ta nuna maka wane poto ne ya fi rauni cikin ƴan uwansa.

Daga nan sai karotaj. Ana kawo inji mai yanka da ruwa a ciro beto mulmulalle, faɗin kamar santimita 10, amma kafin nan a bi da na'urar gano ƙarfe don kada a yanke ƙarfen poto, wannan ɓarna ce babba. A ciro aƙalla guda 3 daga wuraren da injiniya ya zaɓa, a rubuta wa kowanne inda ya fito, a sa a leda a ɗaure, a kai laboratuwar a matse su da inji har su fashe. In ginin an yi shi kan 25 MPa (MPa shi ne ma'aunin ƙarfin beto), ƙa'idar Amurka ta ce matsakaicin ukun ya kai kashi 85 cikin 100 na wannan ƙarfin, kuma kada ko ɗaya ya kasa kashi 75.

Ramukan a toshe su da siminti na gyara mara tsukewa. Kuma ko sakamako ya yi kyau sai an tona gindin poto an ga fondasiyo da yawan ƙarfen da ke ciki, injiniya ya yi lissafin nauyin etaj ɗin ya sa hannu a takarda kafin a sayi buhu ko ɗaya.