Yadda zaka wanke mota mai rufin tamfol

Da farko kai ta inuwa, kar ka wanke fenti da zafi. Fara da rufin tunda dattinsa jikin motar zai gangaro, ka jiƙa shi ka goge a hankali da burushi mai laushi, amma don Allah kar ka matso da injin feshi kusa da ɗinki, ruwa zai shige ciki. Bari ya bushe sarai kafin ka naɗe, in ba haka ba fumfuna zai yi.

Sai bodi: bokiti 2, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, daga sama zuwa ƙasa. Banda sabulun wanki, yana dusashe ƙyalli. Tsane, shafa folish.

Kujerun fata kuwa kakkaɓe ƙura tukuna, goge da tsumma mai ɗan laima, sannan man fata kaɗan don rana na saurin tsattsaga su.