Rainon 'yan tsaki marasa uwa a gidan da yara suka cika

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe, kuma idan uwa ce ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, rabin wahalar tana wuyanta. Maganata a kan marasa uwa ce, irin na kwali da ake sayowa a kasuwa nan Gadarif, a gabashin Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, manyan gonakin kaji na kewayen Khartum suka tsaya, ƙwai ya yi tsada, gidaje da yawa a unguwarmu sun koma kiwo. Kuma duk gidan da tsaki suka shiga, yara ne ke fara kewaye su.

Ki shirya mazauninsu tun kafin su iso. Babban kwali ya isa tsaki 10 zuwa 15 a makon farko. Ki lanƙwasa wani guntun kwali a kowace kusurwa ta zama zagaye, domin in sun firgita ko sun ji sanyi lungu suke cunkushewa, na ƙasa ya mutu. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa busasshe, kaurin yatsa uku. Kada a sa jarida ko leda, santsi yana buɗe musu ƙafafu, kuma ɗan tsakon da ƙafarsa ta buɗe da wuya ya miƙe. Sama a rufe da ragar waya a ɗora dutse, saboda kyanwa da ɓera. Ni kan tebur nake ɗora nawa, in sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa don cinnaka.

Ɗumi shi ne babbar magana. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashi ya fito masa. Makon farko yana son wajen digiri 33 zuwa 35, sai a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako, har mako na biyar ko na shida. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura 40, aikinki da rana neman inuwa ne da iska, ɗumi sai goshin asuba. Amma a Disamba da Janairu, ko daren da ruwan damina ya sauka, sanyin dare ɗaya yana iya kwashe su duka. Ƙwan lantarki mai zafi, irin na da, yana yi idan an rataye shi a gefe guda na kwalin, ta yadda wanda ya ji zafi zai matsa. Sai dai wutarmu kin san halinta. Shi ya sa na fi yarda da jarkar ruwan zafi a naɗe da tsohon zane. Takan kai tsakar dare, a canza ruwan. Garwashi a kasko kuwa ban yarda da shi ba a ɗakin da yara ke kwana. Hayaƙinsa marar wari yana kashe tsaki da mutane, ga gobara, balle a ɗakin ciyawa.

A nan yara suka fi amfani. Ba kya buƙatar ma'aunin zafi in kina da yaro mai ido. Ki zaunar da shi gefen kwalin ki koya masa abu uku. In sun dunƙule wuri ɗaya suna kuka da ƙarfi, sanyi ne. In sun watse bakin kwali, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ne. In suna yawo, wasu na ci, wasu sun baje suna barci, lafiya lau. Jikata mai shekara takwas ce ke wannan aikin, kuma ta fi ni kunne. Daga tsakar gida za ta ce, “Kaka, kukansu ya canza,” in je in taɓa jarka in ji ta huce.

Ruwa ake fara ba su, kafin abinci. Ragowar gwaiduwa da ke cikinsu tana riƙe su kwana biyu, amma ƙishirwar hanya ba ta jira. Ki ɗauki kowanne ki tsoma bakinsa sau ɗaya, zai ɗaga kai ya haɗiye, ya gane ke nan. Ranar farko ina sa cokali ɗaya na sukari a lita. Faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, wanda ya jiƙe kuma sanyi ke kama shi. Wanke farantin safe da yamma aikin ɗan shekara bakwai ne.

In kin samu abincin buhu na tsaki, mai sinadarin gina jiki kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, shi ya fi. Kada a ba su na masu ƙwai, alli ya yi yawa a ciki, yana ɓata musu ƙoda. In babu, garin nan ba a rasa dawa. A ɓarza ta ƙanana, a haɗa da dakakken ƙuliƙulin gyaɗa ko na riɗi marar gishiri, da ɗan busasshen kifi, kwanakin farko kuma a marmasa musu dafaffen ƙwai. Duk ƙuliƙulin da ya yi fumfuna a zubar, guba ce. Yara kuma a ja musu kunne, ban da ragowar tuwo da miya. Da yamma ki bari babba a cikinsu ya shafa gindin wuyan ɗan tsako da yatsa ɗaya: in jakar abincin ta cika ta yi laushi, ya ci ya sha.

Ɗauka ita ce rigimar kowane gida. Dokata: wanda bai kai shekara biyar ba ido ne nasa, hannu a baya. Tsaki masu ƙoshin lafiya ma suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu da gashinsu, mai sa yaro zawo da zazzaɓi, ƙaramin yaro kuwa komai baki. Manya su zauna a ƙasa, hannu biyu, ɗaya ƙarƙashi ɗaya bisa, ba matsewa, ba sumba, ba kai shi gado. An gama, sabulu. Kwalin kuma ya yi nesa da madafa da randa.

Kullum a duba bayansu. In kashi ya bushe ya toshe, a jiƙa da ruwan ɗumi a cire a hankali, a busar da shi sarai kafin a mayar. Zawo mai jini alamar shimfiɗa ce ta jiƙe, a canza ta a nemi likitan dabbobi. Cutar kaji da muke kira Samir, wato Niyukasal, ba ta da magani sai rigakafi, tun makon farko, a ido ko a ruwan sha, rigakafin wata cutar tsaki mai suna Gumboro kuma wajen mako biyu. Kwalba ɗaya ta kaji ɗaruruwa ce, kuma in an buɗe ba ta wuce awa biyu, don haka ku haɗa kai da maƙwabta rana ɗaya, a ɗauko ta cikin ƙanƙara.

Duk da haka ɗaya ko biyu za su mutu. Ki faɗa wa yaran tun farko, kuma babba ya ɗauke gawar ya binne da zurfi. Haka maganar zakaru: sabo da kaza ba ya hana yanka, gara su sani tun suna raɗa musu suna, ba ranar Salla ba.

Daga mako na uku a riƙa fitar da su hantsi, ƙarƙashin kwando ko raga, a busasshen wuri, don baƙar lakar nan tamu tana dunƙulewa a yatsunsu. Yaro ɗaya ya zauna gadin shirwa. A mako na shida gashi ya rufe jiki, sai akurki, amma a raba su da manyan kaji da waya na mako guda tukuna, in ba haka ba sara za su sha.