Babi na 6: Yadda za ka saba wa mage da ɗauka

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, mage ba ta son a faɗo mata daga sama. Zauna ƙasa kan tabarma, miƙa mata hannunka ta shinshina. In ta goga kumatunta a hannunka to ta yarda kenan, sai ka sosa mata ƙarƙashin haɓa da gindin kunne. Cikinta kuwa kar ka taɓa. Ka yi ta haka kullum, kana ɗan ba ta busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Ɗan mage ya fi saurin sabo tun yana sati 2 zuwa 7 da haihuwa, amma babba ma tana sabawa, haƙuri dai.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a nutsu. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta, bayan ƙafafun gaba. Ɗaya hannun ya tallafe ƙafafun baya. Sannan ka jingina ta da ƙirjinka. Mu sake: ƙafafun baya, su zauna a tafin hannunka kamar yadda ake tallafe jariri. In ka bar su suna lilo a iska za ta ji kamar faɗuwa za ta yi, shi ya sa take yakushi, tsoro ne kawai. Ba komai in ka manta karon farko, da yawa sun manta. Ajiye ta, sake gwadawa gobe. Hannu a ƙirji, hannu a ƙafafun baya. Faɗe shi da baki kafin ka ɗaga ta.

Amma fa wallahi satin da ya wuce na je gidan wani ɗalibinmu na tarar ya cafko magensa ta fatar wuya tana reto, bayan sau nawa ina faɗa! Haba Malam. Uwarta ce ke ɗaukarta haka tana jaririya, babbar mage nauyinta ya wuce nan. Ƙafafun baya, don Allah.

Darasi na 3

In ka ɗaga ta, ƙirga ɗaya zuwa biyar, sauke ta a hankali tun ba ta fara mutsu-mutsu ba. In ta kwantar da kunnuwa baya ko tana kaɗa jela da ƙarfi, sake ta.

Darasi na 4

In ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ka tafi asibiti, don mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.