Yadda za ki yi jinya a gidan mutane ba tare da waya ta zama uwar ɗakinki ba

Shekarata shida ina jinyar tsofaffi a gidaje, daga Tarauni zuwa Nasarawa a cikin Kano. Hajiyar da nake kula da ita yanzu tana da hawan jini da ciwon suga, 'ya'yanta biyar, wani a Abuja, wata har Ingila. Duk suna cikin wayata.

'Yar'uwa, ranar da za ki kama aiki, kafin ma a yanke albashi, ki ce a ware miki mutum ɗaya da za ki riƙa ba wa rahoto. Ni da farko guruf ɗin WhatsApp aka saka ni. Wannan ya ce a ba ta kunu, waccan ta ce kunu na tayar da suga, ta Ingila kuma sai bayan sha ɗayan dare take samun sukunin kira. Na koma mai amsa tambaya, Hajiya na zaune tana jiran a kai ta alwala. Yanzu babban ɗan kaɗai nake turawa, sau biyu: da hantsi, da bayan Isha.

Kada ki tsaya dogon rubutu. Ɗauki hoton na'urar awon jini da ta suga, lambobin su fito sosai, ki bi shi da gajeren saƙon murya. Hotunan nan shaidarki ce. Ranar ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, su na buɗe masa, awon wata guda a jere. Lokutan magani kuwa ki saita ƙararrawa.

Kuɗin data na masu gida ne, ki faɗa ba kunya.

Sai kyamarar tsaro da masu gida ke kafawa a cikin gida. Ban ƙi ta ba, ta taɓa wanke ni ranar da Hajiya ta zame a falo. Amma ki sa a nuna miki inda kowace take, kuma ban da banɗaki da ɗakin da kike sauya kaya. Tsohuwar ma tana da mutuncinta. Kada ki ɗauke ta hoto ba mayafi, ko 'yarta ce ta nema.

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 albashi ya koma transfa. Kada ki tsaya ga hoton rasit, buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. Ladan mai POS da kuɗin A Daidaita Sahu ma ki sa a lissafi tun ana ciniki.